Tsutsotsin Onchocerca da baƙin ƙuda ke ɗauka tsakanin dabbobi da mutane

Onchocerca sunan wani dangi ne na siraran tsutsotsi masu zama a ƙarƙashin fata, ko cikin jijiyoyi, ko a bangon hanyoyin jini na dabbobi masu shayarwa. An san nau'i kusan 30 a cikinsa, kuma mafi yawansu na masu kofato ne: shanu, dawaki, jakuna, raƙuma, barewa da aladen daji. Guda ɗaya tak ya mayar da jikin ɗan Adam gidansa na dindindin, wato Onchocerca volvulus, mai haddasa makantar kogi. Wasu daga cikin sauran kan faɗo wa mutum jefi-jefi ne, idan ƙudan da ya sha jinin dabba ya juyo ya ciji mutum. Ba sa ratsawa daga jiki zuwa jiki kai tsaye, ba a kuma ɗaukarsu ta cin nama ko shan nono. Dole sai ƙwaro mai shan jini ya shiga tsakani, yawanci baƙin ƙuda na dangin Simulium, wasu nau'o'in kuwa 'yan mitsi-mitsin ƙwari na dangin Culicoides ne ke ɗauke da su. Masanin Ostiriya Karl Diesing ne ya fara bayyana dangin a 1841, daga tsutsar da aka ciro a jikin doki.

Baƙin ƙuda

Ƙaramin ƙwaro ne, tsawonsa 'yan milimita kaɗan, baƙi ko mai ruwan toka, da ɗan doro a baya. Macen ce kawai ke shan jini, domin ƙwanta ba ya nuna sai da shi, kuma da rana take cizo, a waje, ba cikin ɗaka ba. Wannan ya sa gidan sauro ba ya tsinana komai a kanta. Ba ta soka tsinke kamar sauro. Yanka fatar take yi da bakinta har jini ya taru a ɗan gurbi, sannan ta tsotse. A wannan yankan ne 'ya'yan tsutsar da ke yawo cikin fata suke samun hanyar shiga cikinta.

Ƙwai kuwa sai a ruwa mai gudu take zuba shi, inda kogi ke karo da duwatsu yana kumfa, ko a bakin madatsar ruwa. 'Ya'yanta kan manne a jikin dutse, ganye ko reshen da ya nutse, suna tace abinci daga ruwan da ke wucewa, kafin su zama ƙuda cikin mako ɗaya zuwa biyu a ƙasashe masu zafi. Tafki da kududdufi ba sa yi musu. A Afirka ta Yamma gungun da ake kira Simulium damnosum ne babban mai yaɗa cutar, kuma yana da nisan tafiya: an tabbatar iskar damina kan kwashe shi kilomita 400 ko fiye. A wasu sassan gabashin Afirka akwai Simulium neavei, wanda 'ya'yansa ke girma a manne da bayan ƙaguwar kogi.

Yadda tsutsar ke rayuwa

Zagayen iri ɗaya ne a kusan dukan dangin, kuma an fi saninsa daga nau'in mutum. Ƙuda ya sha jini ya haɗiye 'ya'yan tsutsa, waɗanda ido ba ya gani, don ba su wuce kashi ɗaya cikin uku na milimita ba. Sai su huda cikinsa su shige naman ƙirjinsa, su yi saɓa sau biyu, cikin kimanin mako guda ko ɗan fiye su hauro zuwa bakinsa. Da ya sake cizo sai su sulale cikin raunin. A jikin sabon mai masauki sukan ɗauki shekara guda ko fiye kafin su balaga.

Balagaggiyar mace ta Onchocerca volvulus takan kai santimita 30 zuwa 50, namijin bai wuce santimita 2 zuwa 4 ba. Matan kan naɗe kamar zaren da ya harɗe, jiki kuma ya lulluɓe su da nama mai tauri, shi ne ƙullutun da ake shafawa a ji a ƙugu, haƙarƙari, gwiwa ko kai. Mazan ne ke yawo daga wannan ƙullutu zuwa wancan. Mace ɗaya na iya rayuwa shekara 10 zuwa 15, tana haifar 'ya'ya wajen dubu a kowace rana. Wannan tsawon ran shi ne ya sa yaƙi da cutar ke cin shekaru masu yawa.

Akwai kuma wata baƙuwa a cikin tsutsar kanta, bakteriya mai suna Wolbachia, wadda yawancin nau'o'in ba sa haihuwa ko daɗewa sai da ita. Idan 'ya'yan tsutsa suka mutu a fata ko a ido, wannan bakteriya na daga cikin abin da ke tunzura garkuwar jiki ta tayar da kumburi. Kumburin ne ke yin ɓarnar, ba motsin tsutsa mai rai ba.

Waɗanda ke jikin dabbobi

Duk wanda ya saba da kwata a yankin da ke da koguna ya taɓa ganin aikinsu ko da bai san sunansu ba. Idan an feɗe saniya aka juya fatar, akan ga ƙananan ƙullutai masu tauri a wajen ciki, cibiya da hantsa. Wannan Onchocerca ochengi ce, wadda wani masani mai suna Bwangamoi ya bayyana a 1969 daga shanun gabashin Afirka. Onchocerca gutturosa kan kwanta a babbar jijiyar wuya, Onchocerca lienalis a kusa da saifa, Onchocerca armillata kuma a bangon babbar hanyar jinin da ta fito daga zuciya, inda take barin zane-zane masu karkace. A Ostireliya da kudu maso gabashin Asiya Onchocerca gibsoni ta daɗe tana jawo wa masu fitar da nama asara, saboda ƙullutan da take yi a ƙirjin sa, dole a yanke su a zubar. Doki yana da Onchocerca cervicalis, raƙumi yana da Onchocerca fasciata, gadu yana da Onchocerca ramachandrini.

Abin lura shi ne yawancin dabbobin nan ba sa nuna alamar ciwo. Saniya za ta ɗauki ƙullutu fiye da ɗari tana kiwonta lafiya lau, tana ba da nono. Asarar ta fi faɗawa kan darajar fata da ƙirgi. Doki ne kan yi ƙaiƙayi da zubar gashi, wani lokaci da ciwon ido.

Kare ya fita daban. Onchocerca lupi, wadda wani masani mai suna Rodonaja ya samo a idon kyarkeci a ƙasar Jojiya ta yankin Kokesos a 1967, tana kama karnuka da kyanwoyi, kuma kewayen ido take nema. Kare kan tashi da jan ido, hawaye, kumburi, har idon ya turo waje, wani ya makance. An fi ganinta a Girka, Fotugal, Hungari da kudu maso yammacin Amurka.

Idan ta dabba ta faɗo wa mutum

Rahotannin farko sun fito a 1965, ɗaya daga Suwizalan, ɗaya daga Tarayyar Sobiyet. Daga nan zuwa 2020 abin da likitoci suka rubuta a duniya baki ɗaya bai wuce mutum 40 ko kusa da haka ba, kuma kusan duka a Turai, Amurka ta Arewa, Japan, Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka. Fiye da rabin rahotannin sun zo ne bayan shekarar 2000, lokacin da gwajin DNA, wato ƙwayoyin halitta na gado, ya sauƙaƙa gane nau'in tsutsa daga ɗan guntun da aka yanko.

Yawanci labarin gajere ne. Mutum ya ga ƙullutu a wuyan hannu, gwiwa, ƙafa, kafaɗa ko kai, wani da zafi wani babu. Likita ya zaci ƙari ne, ya yi tiyata ya cire, sai a ɗakin gwaji a ga tsutsa a naɗe a ciki, galibi mace guda ɗaya da ba ta kai ga haihuwa ba. Jikin mutum ba wurinta ba ne, don haka daga nan hanyarta ta ƙare, ba ta zuba 'ya'ya a fata balle wani ƙuda ya ɗauka. Masana kan bambanta nau'o'in ta hanyar duba zoben da ke kewaye da fatar tsutsar da layukan da ke ƙarƙashinsa a madubin gwaji, sannan su tabbatar da DNA.

Japan ce ta fi kowa bin diddigin nata. Tun ƙarshen shekarun 1980 aka fara ganin irin wannan ƙullutu a lardin Oita na tsibirin Kyushu, daga baya a Hiroshima, Shimane da Fukushima. Binciken Hiroyuki Takaoka, Shigehiko Uni da abokan aikinsu ya gano cewa tsutsar aladen daji ce, Onchocerca dewittei japonica, kuma ƙudan Simulium bidentatum, mai cizon dabba da mutum duka, shi ke kawo ta. Aladen daji sun yi yawa a karkarar Japan a 'yan shekarun nan, suna shigowa gonaki har bayan gidaje, saboda ƙauyuka sun ragu da mutane kuma maharba sun tsufa. A Turai an samu Onchocerca jakutensis, ta jar barewa mai rassan ƙaho, a jikin mutane a Ostiriya da Folan.

Ta kare ce mai ban tsoro a cikinsu. A 2011 Domenico Otranto da abokansa suka tabbatar da Onchocerca lupi a idon mutum a Turkiyya, sannan aka same ta a Tunisiya, Iran da Jamus, duk a farin ido ko kewayensa. A Amurka ta zo da wata fuskar. A 2013 aka ba da rahoton wata yarinya 'yar wata 22 a jihar Arizona da aka samu tsutsar a cikin ƙashin wuyanta tana danne laka. Zuwa 2016 an lissafa mutum shida a Arizona, New Mexico da Texas, yawancinsu yara, uku daga ciki a ƙashin wuya. A wasunsu tsutsar ta balaga har tana ɗauke da 'ya'ya, abin da ba a saba gani ba a sauran nau'o'in dabbobi. A kudancin Kalifoniya an samu DNA ɗinta a jikin ƙudan Simulium tribulatum. Maganinta tiyata ne, wani lokaci a haɗa da magungunan sha doxycycline da ivermectin idan ba a iya cire ta duka ba.

Rashin rahoto daga Afirka kudu da Sahara bai kamata ya ruɗi kowa ba. A yankin da ƙullutu a ƙugu abu ne na yau da kullum, ba wanda zai ɗauki na kowane majiyyaci ya kai gwajin DNA, kai tsaye za a ce na makantar kogi ne, kuma mafi yawan lokuta gaskiya ne.

Wadda ta zauna daram: makantar kogi

Nazarin DNA ya nuna cewa a duk dangin babu wadda ta fi kusa da tsutsar mutum kamar Onchocerca ochengi ta shanu, kuma ƙuda ɗaya ke ɗaukarsu. Daga nan masana da yawa suka tafi a kan cewa kakar Onchocerca volvulus daga saniya ta tsallako, wataƙila bayan da kiwon shanu ya bazu a Afirka shekaru dubbai da suka wuce. Idan haka ne, makantar kogi tsohuwar cutar dabba ce da ta yi sa'ar samun wurin zama. Yau ba ta buƙatar dabba ko kaɗan, daga mutum zuwa ƙuda zuwa mutum take zagayawa. Cinikin bayi ne ya ƙetarar da ita zuwa nahiyar Amurka, ta kuma isa Yaman.

Likitan sojan ruwa John O'Neill ya ga 'ya'yanta a fatar masu ƙaiƙayi a Gold Coast, Ghana ta yau, a tsakiyar shekarun 1870. Rudolf Leuckart ya bayyana balagaggun a 1893. Rodolfo Robles ya danganta ta da ciwon ido a Guwatemala a 1915, Donald Blacklock ya tabbatar a Saliyo a 1926 cewa baƙin ƙuda ne mai kai ta, Jean Hissette kuma ya nuna a Kwango a farkon shekarun 1930 cewa tana makantarwa a Afirka ma.

Abin da masu ita suka fi kuka da shi ƙaiƙayi ne, irin wanda ke hana barci, mutum ya yi ta susa da dutse ko ƙotar fartanya har jini. Da tafiya ta yi nisa fata kan yi kauri ta yamutse, ƙwauri ya yi dabbare-dabbaren fari, fatar matsematsi ta saki ta rataya. A Yaman da sassan Sudan akwai nau'in da ake kira sowda, inda ƙafa ɗaya ke yin baƙi ta kumbura. A ido, 'ya'yan tsutsar da ke mutuwa kan bar tabo a gaban ido har ya dushe, ko su lalata bayan ido da jijiyar gani, wanda ba ya gyaruwa. Makantar ta fi tsanani a yankin savana fiye da kurmi. An kuma danganta cutar da farfaɗiyar yara a Kamaru, Kwango, Sudan ta Kudu da arewacin Yuganda. Ƙiyasin 2017 ya ce mutum miliyan 20.9 ke ɗauke da ita, miliyan 14.6 na fama da ciwon fata, miliyan 1.15 sun samu raunin gani, kuma fiye da kashi 99 cikin 100 a Afirka suke. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan waɗanda ke cikin haɗari. Kwarin kogin Hawal, Taraba da kudancin Kaduna sun yi suna da ita, kuma tun shekarun 1950 likitan ido F. H. Budden ya zagaya Arewa yana auna yawanta.

Shanu a tsakiya

A tudun Adamawa na Kamaru, a bakin kogin Vina kusa da Ngaoundéré, an shafe shekaru ana nazarin abin da ke faruwa idan shanu, mutane da ƙuda suka haɗu wuri ɗaya. Alfons Renz, Goetz Wahl, Vincent Tanya da Alexander Trees na cikin waɗanda suka yi aikin. Sun ga ƙuda na da yawa ƙwarai, amma cutar ba ta yi wa mutane tsanani kamar yadda ta yi a ƙasa-ƙasa wajen Touboro ba, inda shanu ba su kai haka yawa ba. Dalili na farko a fili yake: kowane cizon da ya sauka a kan saniya, mutum ya tsira daga gare shi, kuma tsutsar mutum da aka zuba a jikin saniya mutuwa take yi. Na biyu, mafi yawan tsutsotsin da ƙudan wurin ke ɗauke da su na shanu ne, kuma masu binciken na ganin yawan shigarsu jikin mutum suna mutuwa na iya horar da garkuwar jiki a kan 'yar uwarsu. Gwajin da aka yi ta ɗaya ɓangaren ya ƙarfafa wannan zato, domin 'yan maruƙan da aka yi wa allurar tsutsar mutum sun samu ɗan kariya daga tasu.

Saniya ta kuma zama wurin gwada magani, tunda ana iya ƙirga ƙullutanta a fata, a ciro ɗaya a duba ba tare da an yanka ta ba. A can ne aka nuna, a sakamakon da aka wallafa a 2000, cewa oxytetracycline, maganin da makiyaya suka sani sarai, yana kashe balagaggun tsutsotsi ta hanyar kashe Wolbachia. A mutane doxycycline ke wannan aiki, ana sha kullum na mako 4 zuwa 6, amma ba a ba mai ciki da ƙananan yara, shi ya sa bai dace da rabon gari guda ba.

Magani da yaƙin kawar da ita

Yaƙin farko da ƙuda aka yi. Shirin yaƙi da makantar kogi a Afirka ta Yamma, wanda ake kira OCP, ya fara a 1974 da ƙasashe bakwai, Benin, Burkina Faso, Kwaddibuwa, Ghana, Mali, Nijar da Togo, hedikwatarsa a Wagadugu, daga baya suka zama 11. Kowane mako jirage masu saukar ungulu na bin koguna suna zuba temephos, maganin kashe 'ya'yan ƙuda, a wuraren da ruwa ke gudu. Kafin a rufe shi a 2002, an ƙiyasta ya hana mutum 600,000 makancewa, ya kuma buɗe hekta miliyan 25 ta ƙasar bakin kogi da mutane suka gudu suka bari. Najeriya ba ta cikinsa, sai a shirin rabon magani a ƙasashen Afirka mai suna APOC, na 1995 zuwa 2015.

Ivermectin, maganin da ake rabawa don yaƙar cutar, shi ma daga wajen dabbobi ya fito. Satoshi Omura ya samo bakteriyar da ke yin sinadarin a ƙasar Japan, William Campbell na kamfanin Merck ya gano ƙarfinsa a kan tsutsa, aka fara sayar da shi don dabbobi a 1981. Ganin yadda yake kashe 'ya'yan Onchocerca cervicalis a fatar doki ne ya sa aka yi tunanin mutum, Mohammed Aziz ya jagoranci gwajin farko a Dakar. A 1987 kamfanin ya yi alkawarin ba da shi kyauta da sunan Mectizan har sai buƙata ta ƙare. Omura da Campbell sun samu kyautar Nobel a 2015. Gwajin da Adenike Abiose ta jagoranta a Kaduna, wanda aka wallafa a 1993, ya nuna yana rage lalacewar jijiyar gani. Moxidectin, da aka amince da shi a Amurka a 2018 bayan gwaji a Ghana, Laberiya da Kwango, shi ma maganin tsutsar dabbobi ne tun asali. Wannan ba izini ba ne na shan na dabbobi, domin awonsa da haɗinsa ba na mutum ba ne.

A ƙauye rabon ba ya buƙatar likita ko sikeli. Mutanen gari ne ke zaɓar mai rabo daga cikinsu, a ba shi littafin rajista da sanda mai zane huɗu. Mutum ya tsaya a jikin sandar, tsayinsa ya nuna ƙwaya nawa zai sha, daga ɗaya zuwa huɗu, ya haɗiye a gaban mai rabo. Yaron da bai kai santimita 90 ba, mai ciki, mai jego a makon farko da mai ciwo mai tsanani ba a ba su. Maganin 'ya'yan yake kashewa, ya kuma dakatar da haihuwar uwar na wasu watanni, amma ba ya kashe ta, don haka sai an maimaita sau ɗaya ko biyu a shekara har shekara 12 zuwa 15. A kurmin Kamaru da Kwango akwai matsalar wata tsutsa daban mai suna Loa loa: wanda ke da ita da yawa a jini zai iya suma ko ya mutu idan ya sha, don haka ake gwada jini kafin a ba shi.

Kolombiya ta samu shaidar kawar da cutar a 2013, Ekwado 2014, Meziko 2015, Guwatemala 2016. A ranar 30 ga Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana Nijar a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta kai wannan matsayi, bayan feshin koguna na 1976 zuwa 1989 a kudu maso yammacin ƙasar da rabon magani daga baya. A Najeriya jihohin Filato da Nasarawa ne suka fara dakatar da rabo, Kaduna, Kebbi da Zamfara suka biyo baya.

Kafin a ce an gama, sai an gwada jinin dubban yara 'yan ƙasa da shekara 10 a ga ƙasa da ɗaya cikin dubu ne ya taɓa haɗuwa da tsutsar, a kuma kama ƙuda aƙalla 6,000 a ga masu ɗauke da ita ba su kai ɗaya cikin 2,000 ba. Kamun har yanzu da jiki ake yinsa a wurare da yawa: mutum ya zauna bakin kogi daga safe zuwa yamma da ƙafafu a buɗe, duk ƙudan da ya sauka ya kife shi da ɗan bututu kafin ya ciza. A nan tsutsar shanu ke sake shigowa lissafi, don a madubin gwaji da wuya a raba 'ya'yan Onchocerca ochengi da na Onchocerca volvulus a kan ƙuda. A yankin makiyaya, tsohon ƙidayar da aka yi da ido kan zarce gaskiya, shi ya sa yanzu ake niƙa kawunan ƙudan a rukuni-rukuni a nemi wani yankin DNA da ake kira O-150, a kuma tace shi da gwajin da ke amsa wa tsutsar mutum kaɗai.